Kurkunun Da Aka Ajiye Wa Baƙo

Ranar Asabar da hantsi bororon ya fashe. Mani yana tsaye cikin tafkin bayan gari, ruwa iya cinya, yana cika garwa ta biyu, sai ya ji zugin da ya hana shi sakat kwana uku ya lafa lokaci guda. Bai yi murna ba, don duk wanda ya girma a Zakka ya san irin wannan sauƙin. Ya fito gaci ya zauna bisa dutse, ya naɗe wando, ya duba ƙasan gwiwarsa ta dama. Ga shi nan kuwa, fari sol, siriri kamar zaren ɗinki, ya leƙo da kai.

"Kurkunu, sannu da zuwa," in ji Mani. "Ka rasa lokacin zuwa sai da shuka ta hito."

Ciwon ba baƙo ba ne, maganinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. A sami tsinke a ɗaure kan tsutsar, kullum a naɗe ɗan abin da ta bayar don kanta, ko da tsawon gaɓar yatsa ne, a shafa man shanu, a rufe da tsumma mai tsabta, mutum ya zauna wuri ɗaya. Sati uku ko huɗu ta fito duka, ya tashi ya ɗauki fartanyarsa. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a ja. In ta tsinke, sauran ya koma ciki ya ruɓe, daga nan sai dai a yi wa ƙafa addu'a. Duk Zakka kuwa babu mai hannun naɗin kurkunu kamar Hansai, matar Mani. Har daga rugage ake kawo mata mutane bisa jaki.

Saboda haka shawarar ba mai wuya ba ce. Ya kai wannan ruwan, ya yi sallama, ya nufi gida. Dama lokacin tafiyarsa ya wuce. Shekara tara ke nan yana zuwa Batsari da rani yana yi wa gidan Malam Sodangi jigilar ruwa, garwa biyu rataye a sanda, sawu takwas kullum, in damina ta sauka ya koma gonarsa. Bana an yi ruwan shuka, Hansai ta shuka gero ita da maƙwabta, shi kuwa kullum ana ce masa bari sai jibi.

Malam Sodangi shi ne duba-gari. Kakinsa kullum a goge, safa har gwiwa, ga wani ludayi mai dogon hannu da yake zurawa cikin randunan mutane yana neman tsutsar sauro. Mata in sun ji ya shigo unguwa sai su kifar da ruwan da suka sha wuyar ɗebowa, don gara ƙishirwa da bakinsa. Shekarar ce aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, kuɗin fetur suka zagayo har Batsari, shi ma ya sayi babur ja, ya zama yanzu tun daga nesa ake jin zuwan tsabta. A gidansa kuwa ba a shan ruwa sai an tafasa, an tace da farin ƙyalle, an zuba a randa mai murfi. Wannan na cikin gida ke nan. A zaure akwai wani tulu mai tsagaggen baki, shi ne na Mani, daga garwa ake juye masa kai tsaye. Ƙyallen tacewa ɗaya ne a gidan, kuma ba ya fita zaure.

Ma'u, matar gidan, tana tankaɗe lokacin da ya shigo yana ɗingishi. Ya juye ruwan, ya faɗa mata abin da ya samu.

"Kurkunu kuma? A gidan nan?" Ta kawar da kai. "Don Allah Baba Mani sauke wandonka kada yara su gani. Tafiya kuwa ba ni ke ba da izini ba, sai maigida ya dawo. Amma kafin nan ka ga randar wanki ko rabi ba ta yi ba."

Ya koma tafki sau uku kafin azahar.

Da Sodangi ya dawo ya jingine babur, Mani ya tare shi a zaure, ya gaishe shi, ko da yake shi ne babba da shekara shida.

"Malam, kurkunu ya hito mini. Ina so in tahi gida Hansai ta naɗe shi."

Sodangi ya ɓata rai, irin na wanda aka ce masa jakinsa ya gurɗe. Ya ce, "Mu gani." Ya tsuguna nesa-nesa, ya sa tabarau, ya duba. Sai Mani ya ga abin da bai taɓa gani a fuskar mai duba ciwo ba: baki ya tafi har kunne.

Ashe takarda ce ta zo daga sama tun makon jiya. Gwamnati ta lura kowace damina leburorin hanya suna kwanciya da kurkunu, aiki yana tsayawa, don haka a yi Makon Lafiyar Ma'aikata a kowace gunduma, a tara jama'a a kasuwa a yi musu bayani, babban jami'i zai zo daga Kaduna ya gani da idonsa. Sodangi ya yi kwanaki yana neman mai kurkunun da zai nuna wa baƙon. Masu shi suna nan birjik a ƙauyuka, amma wa zai yarda duba-gari ya kai shi tsakiyar kasuwa ya kware masa ƙafa? Da sun ji ƙarar babur sai su shige bayan rumbu. Yau ga shi Allah ya kawo masa har zaurensa.

"Yaya Mani," in ji shi. Mani ya sha jinin jikinsa, don wannan Yayan ba ya fitowa sai da dalili. "Yaya Mani, Allah ne ya kawo wannan."

"Shi ya kawo shi kam."

"Ba wannan Alhamis ba, ta sama, baƙonmu zai zo. Kwana goma sha biyu kacal. Ka ɗaure kan da zare kada ya koma, amma kada ka naɗe ko kaɗan. A bar shi ya taru. Ranar ni da kaina zan zaro shi gaban jama'a, kowa ya ga tsawonsa."

Mani ya dube shi ya ga da gaske yake. Sodangi ya karanta kurkunu a littafi, har da sunansa na Turanci ya sani, amma bai taɓa zama ya naɗe ko ɗaya ba. A zatonsa abin da ba a naɗe ba taruwa yake yi, kamar nonon saniyar da ba a tatsa ba.

"Malam, ba ya taruwa. Abin da ya ba ka yau shi ne na yau. Kuma kurkunu ba rago ba ne da za a turke shi sai Sallah. Ga gero can ciyawa na cin shi, ita ba ta san Alhamis ba."

"Ka bar wa masu ilmin abin ilminsu," in ji Sodangi yana dariya. "Ana gamawa, da babur ɗin nan zan kai ka har ƙofar gida. Allura ma zan sa a yi maka, mai kyau, irin ta manya. Haba Yaya Mani, uwata da uwarka nono ɗaya suka sha. Yau na nemi abu ɗaya wurinka, ka kunyata ni gaban baƙo?"

Nan ya kama shi. Mani mutum ne mai kunya, irin kunyar da ke sa a ci mutum da rai yana cewa ba komai. Ya tuna kuma rani na nan dawowa, kuma zauren kwana ba ya samuwa a ko'ina. Ya ce to. Yana faɗa ya ji ya tsani bakinsa.

Tun daga ranar ƙafar ta sami gata irin wanda mai ita bai taɓa samu ba. Kullum da safe kafin ya fita aiki sai Sodangi ya tsaya ya ce a kwance tsumma ya gani. Ba ya tambayar yadda Mani ya kwana, sai dai, "Yana nan?" In an ce yana nan, ya ce madalla, ya tayar da babur. Rana ta huɗu Mani ya kasa haƙuri da zugi, ya sami tsinke ya naɗe ɗan abin da ya sako. Da safe Sodangi ya gani, ya yi faɗa kamar an taɓa masa kayan ajiya, ya sa shi ya warware.

Jigilar ruwa kuwa ba ta tsaya ba. Sawu takwas ya koma shida, shida ya koma biyar. Gwiwar ta fara kumburi, tana sheƙi, in ya taka sai ya ji abin har cikin haƙoransa. Yakan tsaya a hanya sau uku, ya sauke garwa, ya rungumi katangar mutane yana numfashi. Ma'u ta ce ita ba ta gane ba, ai ƙafa ke ciwo ba kafaɗa ba, kuma kafaɗa ke ɗaukar ruwa. Da ya ce ko a nemi wani ya riƙa musu na kwana goman nan, sai ta ce su ba sa shan ruwan hannun bare, ba su san tsabtarsa ba.

Da la'asar kuma akwai wani aikin. Sodangi ya rubuta jawabinsa shafi huɗu, yana bukatar mai saurare, kuma ba wanda ya fi Mani dacewa tun da ba ya iya tashi ya gudu. Sai ya tsaya tsakiyar zaure da takarda, ya gyara murya.

"Jama'a! Ma'aikaci shi ne ƙashin bayan ƙasa. Duk wanda yake da ma'aikaci a ƙarƙashinsa, gwamnati ta ɗora masa abu uku. Ya ba shi ruwa tatacce. In ciwo ya kama shi, ya ba shi hutu har ya warke. Kuma kada, kada, na ce kada ya bar mai kurkunu ya sa ƙafa cikin tafki, don ƙwayayen cutar zai zuba wa mutanen gari!" Ya sauke takardar. "Ya fito?"

Mani yana zaune jingine da bango, wandonsa bai ko bushe daga ruwan tafki ba.

"Ya hito sarai, Malam. Sai dai ina tambaya. Wanga hutu da ka ambata, har da ni?"

Sodangi ya yi dariya har da dafa bango. "Kai ai ba ma'aikaci ba ne, Yaya Mani. Ma'aikaci shi ne mai lamba, wanda sunansa ke cikin takarda. Kai ɗan gida ne. Ka taɓa jin an ba ɗan gida hutu daga gidansu?"

Mani bai taɓa ji ba, Sodangi kuwa ya shiga shafi na biyu.

Rana ta tara Musbahu disfensa ya gamu da Mani a hanyar tafki, ya sa shi ya sauke kaya, ya duba gwiwar, ya girgiza kai. Ya sami Sodangi a ofis ya ce a kawo mutumin nan a wanke ciwon, a fara masa allura, ya kwanta. Sodangi ya ce ai shi ma abin da ke ransa ke nan, bayan Alhamis. Musbahu ƙaramin ma'aikaci ne mai jiran ƙarin girma, kuma Sodangi na da baki a sama. Sai Musbahu ya ce Allah ya kai mu.

Allah kuwa ya kai su. Alhamis kasuwar Batsari ta cika, aka kafa rumfa kusa da 'yan hatsi, aka jera kujeru, aka ɗaura lasifika a bishiya. Leburorin hanya aka jera su da shebur a kafaɗa, a rana, tun hantsi, don baƙo ya ga waɗanda ake taron dominsu. Mani ya sa rigar Sallarsa, Sodangi ya ce a'a, ya tuɓe ya sa tsohuwar, mai yagaggen wuya, ita ta fi dacewa. Aka ɗora shi bisa tebur aka miƙe ƙafar.

Baƙo ya iso bayan azahar cikin mota Landiroba, dogon mutum mai ƙiba, da alama ya gaji tun kafin a fara. Sodangi ya karanta shafi huɗun nan bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sannan ya juyo ya nuna tebur.

"Ga misali, ranka ya daɗe. Wannan wani baƙauye ne da muka samo. Mun yi, mun yi da irinsu su riƙa tace ruwa, sun ƙi. To ga abin da taurin kai ke jawowa."

Kasuwa ta yi ɗan guna-guni, don babu wanda bai san Mani da garwarsa ba. Wani mahauci ya ce da na kusa da shi, "Ashe zauren duba-gari ƙauye ne." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, amma ba wanda ya ɗaga murya, kowa yana da randa a gida. Mani ya sunkuyar da kai. Zugin ƙafar bai kai masa zafin wannan kalmar ba, wai wani baƙauye da aka samo, daga bakin wanda aka goya su da zane ɗaya.

Cikin taron nan akwai Hansai. Ta gaji da jira, ta biyo motar 'yan kasuwa da ƙwaryar daddawa, niyyarta ta sayar ta tafi da mijinta. Ta ji lasifika na faɗin kurkunu ta matso ta ga ko wane ne, sai ta ga nata bisa tebur.

Sodangi ya zaro fensir daga aljihu, ya kwance zaren, ya ɗaura kan tsutsar a jikin fensir. Ya murɗa sau ɗaya, ta biyo. Ya murɗa na biyu, ta biyo da ƙyar. Baƙo ya gyara zama ya miƙo wuya, wannan ne abu na farko da ya ba shi sha'awa tun da ya zo. Sodangi ya ga haka ya murɗa na uku.

"Malam, ya ƙi," in ji Mani a hankali. "Ya tsaya. Bar shi haka nan."

Amma abin da ya fito bai kai tsawon yatsa biyu ba, shi kuwa Sodangi ya riga ya gaya wa lasifika cewa tsutsar takan kai kamu biyu.

"Kar ka ja shi!" Muryar Hansai ce ta tsaga taron. Ta yar da ƙwarya tana ture mutane. "Sake shi, bawan Allah! Ba a ja!"

Ɗan doka ya tare ta da sanda. Sodangi ko waiwaye bai yi ba, wa zai tsaya sauraron mai daddawa gaban baƙon Kaduna? Ya danne gwiwar da hannun hagu, ya ja.

Tsutsar ta tsinke, ba ta yi ƙara ba. Sai dai fensir ya taho da sauƙi, da ɗan farin abu yana reto, sauran kuma ya zame ya koma cikin nama, kamar an zuƙe shi. Mani ya ga komawarsa da idonsa. Bai yi kuka ba, ya dai ce, "Inna lillahi," ya kwanta rigingine bisa teburin.

Sodangi ya dubi guntun da ke jikin fensir. Sannan ya ɗaga fensir sama ya ce, "Ga shi, jama'a! An raba shi da shi!" Leburori suka tafa, don an gaya musu tun da safe in ya ɗaga hannu su tafa. Baƙo ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Aka sa guntun cikin kwalba aka rufe.

Babur bai je Zakka ba. Kafin Asabar ƙafar ta yi kamar turmi tun daga cinya har idon sawu, zazzaɓi ya rufe Mani, yana sambatu yana kiran sunayen gonakin mutane. Hansai ta shimfiɗa tabarma a zauren ta zauna. Musbahu ya zo ya tsaga wurin sau biyu, abin da ya fito ya cika tasa, ya yi ta yi masa allura har kwana goma. Ba ya haɗa ido da Hansai.

Kowa a gidan ya sami bayaninsa. Sodangi ya ce Mani ne ya motsa, in ba don haka ba da ta fito duka, kuma ihun matar nan ne ya firgita shi. Wani lokaci ya ce dama jinin mutanen ƙauye ba shi da ƙarfi. In liman ya zo dubiya kuma sai ya koma ƙaddara, ya ce abin da Allah ya rubuta fensir bai isa ya goge ba. Ma'u ta ce ita warin ne ya dame ta, baƙi na shigowa ta zauren nan. Rana ta biyar ta leƙo ta ce, "Hansai, tun da dai kina nan zaune, ga garwa can, ko sawu biyu ne."

Hansai ta dube ta tun daga sama har ƙasa. "Jinya na zo, ɗiyar nan. In ƙishirwa ta dame ki, ga tulun mijina nan, sha. Shekara tara shina sha, kin ga yadda ya yi kyau."

Daga ranar tuwon da ake fitowa da shi zaure ya koma malmala ɗaya.

Bayan sati uku zazzaɓi ya sauka, kumburi ya saɓe, Mani ya rame ya zama sai idanu. Ya ce a kama shi ya tashi. Ya tashi, amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ta sandare kamar taɓarya. Musbahu ya gwada, ya sake gwadawa, har Mani ya yi ƙara. Sannan ya faɗi gaskiya, ciwon ya ci gaɓar, ta haɗe, ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Mani ya daɗe yana kallon ƙafar. Abin da ke ransa ba tafiya ba ce, gurgu ma yana tafiya. Noma ne, don ba a yin sa a tsaye ƙiƙam. Ya juya fuska bango ya yi kukan da bai yi a kasuwa ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Sodangi da aka gaya masa. "Rai dai ya tsira, shi ne babba."

Kwana biyu bayan haka Hansai tana shafa masa mai sai ta ga wani bororo a idon sawun hagu, ƙafar da ta rage. Kurkunu dama ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. Ta dubi mijinta, ya dube ta. Ta yagi gefen zanenta ta ɗaure wurin, ta ja tabarma ta rufe.

Amma idon duba-gari a kan abin da aka rufe ya ƙware. Da safe yana fitowa da babur ya tsaya.

"Wannan tsumman fa? Ai dama ce mai ciwon."

Ya jingine babur, ya tsuguna, ya ɗaga tsumman da bakin makulli. Sai ga fuskar nan ta dawo, irin ta ranar farko.

"Allah mai iko," in ji shi. "Yaya Mani, ka san baƙon nan ya ji daɗi ƙwarai. Ya rubuto ya ce ni zan je in yi na Safana, kwana goma sha shida ya rage. Wannan karon na gane inda kuskuren yake, a hankali zan bi shi. Kai dai ka ɗaure kan, kada a..."

"Sodangi."

Shekara tara bai kira shi da sunansa ba. Sodangi ya ɗago.

Mani ya dafa kafaɗar Hansai, ya ja jiki ya zauna sosai, ya janye ƙafar hagu ya naɗe ta ƙarƙashinsa, tun da ita tana naɗuwa.

"Ƙahwa biyu Allah ya ba ni. Ɗaya na ba ka don zumunci, ka kai kasuwa ka karya. Wagga ta gonata ce. In Safana na son kurkunu, ga tulu nan, sha ka jira baɗi, ka kai musu naka."

Sodangi ya miƙe yana kaɗe gwiwar wando. Ya ce bai taɓa ganin butulci irin wannan ba, mutum ka ci da shi, ka sha da shi, ka kawo masa disfensa har inda yake kwance. Hansai ta ce cin dai ta gani, shan ne ba ta gani ba. Ya tayar da babur da ƙarfi ya bar musu hayaƙi.

Ranar Alhamis 'yan hatsi biyu suka ɗauki Mani suka ɗora shi bayan motar 'yan kasuwa, bisa buhuna, ƙafar dama a miƙe ta leƙo waje har sai da aka ɗaura mata jan ƙyalle kada wata motar ta goge ta. Ma'u ba ta fito sallama ba. Ta aiko a tambaya ko ya bar sandar garwa, don ta gidan ce.

Kwana ashirin da uku Hansai ta yi tana naɗin na hagun, kullum da safe bayan ta sha kunu, tana yi tana hira kamar mai kaɗi. Ya fito duka, tsawon hannu har kafaɗa, bai bar ko tabon kirki ba. Wannan shi ne aikin da mai daddawa ta iya, wadda ɗan doka ya tare da sanda. Gero kuwa ciyawa ta riga ta gama da shi, abin da suka girba bai kai su tsakiyar rani ba.

Sodangi ya je Safana da kwalbarsa, ya karanta shafi huɗun nan, leburori suka tafa. Ƙarshen shekara aka ba shi takardar yabo saboda ƙoƙarinsa wajen kula da lafiyar ma'aikata, ya sa ta a gilashi ya rataye a zaure. Ba ƙarya a cikinta, don duk ma'aikacin da ke da lamba ya ji jawabi. Wanda ke kwana ƙarƙashin inda aka rataye ta ne ba shi da lamba. Irinsa suna nan a zaurukan manya da madafansu, masu ɗebo ruwa, masu daka, masu faskare, an kira su 'yan gida don kada a ba su abin da ake ba bare, an bar su a zaure don kada su sami abin da ake ba ɗan gida. In sun faɗi, a ce ƙaddara, a aika ƙauye a kawo wani.

Mani yana nan Zakka. Yana noma a zaune, yana jan jiki bisa buzu daga kunya zuwa kunya, abin da yake yi da safiya ɗaya yanzu sai ya kwana uku. A masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa, don in an yi sujada ƙafar miƙewa take ta tokari na gaba. Wata rana bayan Juma'a wani Bafulatani da ya kawo ƙanensa wurin Hansai ya tsaya yana kallonsa yana ta fama ya tashi, ya kama shi ya miƙar, ya ce, "Sannu baffa. Kurkunu ne ya yi maka haka?"

Mani ya karɓi sandarsa, ya gyara tsayuwa.

"A'a, ɗana. Kurkunu ai mun saba da shi, tun kakanni muke zaune lahiya. Ni Makon Lahiya ne ya same ni."